Cinikin Gobe a Farashin Yau: Yadda Kasuwar Deribatib Ke Aiki

A ƙarshen watan Maris na 2024 farashin koko a kasuwannin duniya ya haura dala 10,000 kowane tan, alhali a farkon 2023 yana wajen dala 2,600. Duk wanda ya ji labarin zai ɗauka kakar ƙasar Gana ta yanke saƙa, tunda ita ce ta biyu a duniya wajen noman koko. Sai dai ba haka aka yi ba. Hukumar koko ta ƙasar, COCOBOD, ta saba sayar da mafi yawan amfanin shekara tun yana kan bishiya, a farashin da aka yanke watanni kafin girbi, sannan ta kai takardun cinikin wurin bankunan ƙetare ta ciyo bashin da za ta sayi kokon daga hannun manoma. Ta shafe kimanin shekara 30 tana haka. A wannan karon sai cutar bishiya, da rikicewar yanayi, da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da fasa-ƙwauri suka taru suka karya amfanin gona. Hukumar ta kasa cika abin da ta yi alkawari, aka ɗage mata sama da tan 300,000 zuwa kaka ta gaba, amma a tsohon farashi na kusan dala 2,600. Tana ji tana gani ta riƙa miƙa kaya a rubu'in kuɗin da kasuwa ke biya.

Ba wauta Gana ta yi ba. A shekarun da farashi ya faɗi, wannan tsarin ne ya rufa mata asiri. Abin da ta sa wa hannu shi ne mafi sauƙi a dangin yarjejeniyoyin da masana harkar kuɗi ke kira deribatib. Yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu wadda ba ta da daraja ta ƙashin kanta. Darajarta na rataye ne da farashin wani abu daban: hatsi, ɗanyen mai, zinariya, dala, hannun jarin kamfani, ko ma kuɗin ruwan da ake ɗorawa kan bashi. Idan farashin abin ya motsa, yarjejeniyar ta zama riba ga ɗaya, asara ga ɗaya, daidai wa daida. Hajar da ake saye da sayarwa a wannan kasuwa, idan aka bi diddigi, ita ce kasadar rashin sanin farashin gobe. Kasadar kuwa ba ta ɓacewa don an rubuta takarda, hannu kawai take sauyawa. Don haka duk inda aka ga irin wannan yarjejeniya, abin tambaya shi ne wa ya ɗauki kasadar, kuma ko yana da ƙarfin biya ranar da farashi ya juya masa baya.

Asalin abin daga noma ne. A birnin Osaka na Japan, kasuwar shinkafa ta Dojima ta samu amincewar hukuma a 1730, ana cinikin takardun shinkafar da ba ta riga ta zo hannu ba, domin a lokacin da shinkafa ake karɓar haraji ake kuma biyan dakarun samurai. Amma tsarin da duniya ke bi yau a Shikago ta Amurka ya ginu. A tsakiyar ƙarni na 19, da kaka ta yi sai hatsi ya cika birnin har a rasa wurin zubawa, farashi ya faɗi warwas, da bazara kuma a neme shi a rasa. A 1848 wasu 'yan kasuwa 82 suka kafa majalisar ciniki ta Shikago, wadda aka fi sani da CBOT, aka fara ƙulla cinikin hatsin da za a kawo nan gaba. Manomi ya san abin da zai samu tun kafin ya girbe, mai injin niƙa ya san abin da zai biya. Wannan shi ne cinikin gaba, wanda 'yan kasuwar ke kira fowad: mutum biyu su yanke farashi yau, kaya da kuɗi su sauya hannu a ranar da aka ajiye.

Alkawari kaya ne, kuma nan ne raunin wannan ciniki yake. Idan kaka ta zo farashi ya tashi, zuciyar manomi za ta raya masa ya kai kayansa inda aka fi biya. Idan ya faɗi, mai saye ne zai fara kawo uzuri. Sannan wanda ya so fita kafin wa'adi ba shi da hanya, domin an ɗinka yarjejeniyar ne daidai jikin mutum biyu, da wuya a samu na uku da za ta yi masa daidai.

Maganin da Shikago ta samo ya zo a matakai. Da farko aka raba hatsi aji-aji gwargwadon ingancinsa, ta yadda masara mai lamba 2 ta wannan manomi ɗaya take da ta wancan, ana iya zuba su a rumbu guda a ba kowa takardar shaida. A 1865 aka daidaita yarjejeniyar kanta: adadi ɗaya, aji ɗaya, wurin miƙa kaya ɗaya, watanni sanannu. Har yau kwantiragin masara guda a Shikago bushel 5,000 ne, kimanin tan 127, kuma wa'adinsa na faɗawa a Maris, Mayu, Yuli, Satumba ko Disamba. Abu ɗaya ya rage a yi jayayya a kai, shi ne farashi. Wannan daidaitacciyar yarjejeniya ita ce fiyuca.

Mataki na ƙarshe, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan kasuwar duka, shi ne gidan lamuni, wanda CBOT ta kafa nata a 1925. A tsohon tsarin cinikin shanu a kasuwannin kudu, baƙon da ya kawo dabbobi daga arewa bai san mahaucin da zai ɗauka bashi ba. Maigidan da ya sauke shi ne ke tsaya masa, in mahauci ya saɓa, shi zai cika. Aikin gidan lamuni ke nan. Da zarar an ƙulla ciniki sai ya shiga tsakani, ya zama shi ne mai saye a wurin kowane mai sayarwa, shi ne kuma mai sayarwa a wurin kowane mai saye. Ba ruwanka da sanin wanda ke ɗaya gefen. Amma gidan lamuni ba ya dogara da mutunci ko sanayya. Kowane ɓangare sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a buɗe masa ciniki, kuma kowace yamma ana lissafi da farashin rufe kasuwa: a cire daga asusun wanda farashi ya cuta, a zuba wa wanda ya amfana. Wanda jinginarsa ta ragu ƙasa da ƙa'ida za a kira shi ya ciko. In bai ciko a kan lokaci ba, dillalinsa zai rufe masa cinikin ba tare da neman izininsa ba. Ta haka ba a barin bashi ya taru har ya fi ƙarfin mai shi.

Bari mu bi lissafin da misali. A ce manomi a jihar Iowa ya sayar da kwantiragin Disamba guda tun a watan Mayu, a kan dala 4.50 kowane bushel, jimla dala 22,500. Da kaka ta zo sai farashi ya sauka zuwa dala 4. Zai sayar da masararsa ta zahiri ga rumbun garinsu a kan dala 20,000, sannan ya sayi kwantiragi irin wanda ya sayar, su kashe juna, ya fita da ribar dala 2,500. Jimla dai 22,500. Da farashin tashi ya yi zuwa dala 5, masarar za ta ba shi 25,000, kwantiragin ya ci masa 2,500, ya sake komawa 22,500. Bai shiga don ya ci riba ba, ya shiga ne don ya san inda ya tsaya, ya iya sayen taki da biyan bashin tarakta da kwanciyar hankali. Farashin garinsu da na Shikago ba sa zama ɗaya cif-cif, saboda kuɗin sufuri da ajiya, don haka kariyar ba ta cika ɗari bisa ɗari. Akwai kuma wata wahala da ba a cika faɗa ba. Idan farashi ya yi ta hawa a watan Yuli, masararsa na gona tana ƙara daraja, amma ba ta nuna ba tukuna, shi kuwa gidan lamuni tsabar kuɗi yake so a yau. Wannan ne ya shaƙe manyan dillalan koko a 2024: suna da kaya, lissafinsu daidai ne, amma kiran ciko ya ƙarar musu da kuɗin hannu, da yawa suka janye daga kasuwar, janyewar tasu kuma ta ƙara haukata farashin.

Yawancin kwantiragin fiyuca haka ake rufe su kafin wa'adi, ba a ɗora buhu ko ɗaya a mota. Wannan ya sa wasu ke ɗauka cewa kayan zahiri ba su da wani tasiri. Ranar 20 ga Afrilu 2020 ta ƙaryata su. Annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, tankunan ajiyar mai na garin Cushing a jihar Oklahoma, inda ake miƙa ɗanyen man Amurka samfurin WTI, sun kusa cika, kuma washegari kwantiragin watan Mayu zai ƙare. Duk wanda wa'adin ya cika yana riƙe da shi dole ya karɓi ganga 1,000 a kowane kwantiragi, ga shi babu wurin zubawa. Masu riƙe da takardun suka yi rububin fita, har farashi ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili. Wato mai sayarwa ne ke biyan mai saye don ya karɓe masa alkawarin.

To wa ke saye a lokacin da manomi ke sayarwa? Wani lokaci mai injin niƙa ne ko kamfanin abincin kaji, wanda shi tashin farashi yake tsoro. Amma ba kullum buƙatun nan biyu ke haɗuwa a rana ɗaya da adadi ɗaya ba. Giɓin da ke tsakani 'yan farautar riba ne ke cike shi, mutanen da ba su da gona ba su da masana'anta, hasashen farashi kawai suke yi. Ana yawan zaginsu, wani lokaci da gaskiya, amma in babu su manomi zai zo kasuwa ya tarar ba mai ɗaukar kasadarsa. Matsalar tana cikin ninkin da tsarin jingina ke ba su. Kwantiragin mai guda, ganga 1,000 a kan dala 70, darajarsa dala 70,000 ce. A ce jinginar da aka nema dala 7,000 ce. Motsin dala 1 a farashin ganga ya zama dala 1,000 a asusunka. Idan farashi ya bi ra'ayinka da kashi 10 cikin 100, kuɗinka ya ninka. Idan ya saɓa maka da haka, ba abin da ya rage.

Bankin Barings na Landan, wanda aka kafa a 1762, ta wannan ƙofa ya mutu. Ma'aikacinsa a Singafo, Nick Leeson, ya yi ta sayen fiyuca a kan ma'aunin hannayen jarin Japan na Nikkei 225, yana ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888. Abin da ya ba shi dama shi ne shi ke ciniki, shi ke kuma kula da ofishin da ya kamata ya binciki cinikin. Girgizar ƙasar Kobe ta Janairun 1995 ta kayar da kasuwar Japan, shi kuwa ya ƙara zurmawa yana neman mayar da abin da ya rasa. A watan Fabrairu asarar ta kai fam miliyan 827, ta fi duk jarin bankin. Bankin ING na Holan ya saye shi a kan fam ɗaya.

Nau'i na gaba ya bambanta da waɗannan ta fuska mai muhimmanci. A fowad da fiyuca ɓangarorin biyu duk an ɗaure su. A ofshin kuwa ɗaya yana sayen haƙƙi ne, ba wajibi ba: haƙƙin ya sayi abu, ko haƙƙin ya sayar da shi, a wani farashi da aka yanke, zuwa wata rana. Yana biyan kuɗin wannan haƙƙi tun farko, kuma kuɗin ba ya dawowa. In ranar ta zo kasuwa ta fi masa daɗi, sai ya bar haƙƙin ya mutu. Ƙasar Meziko ce misali mafi kyau. Shekaru da dama ma'aikatar kuɗinta kan je wurin manyan bankuna ta sayi haƙƙin sayar da ɗanyen manta a farashin da ya dace da kasafin kuɗin shekara mai zuwa, tana kashe kimanin dala biliyan 1 a kai a shekara. In farashi ya tashi, ta sayar da manta a kasuwa ta ci ribar tashin, asararta kuɗin haƙƙin ne kaɗai. In ya faɗi, bankunan su cika mata. A 2009 ta karɓi kimanin dala biliyan 5, a 2015 sama da biliyan 6, a 2020 sama da biliyan 2. Bambancinta da Gana ke nan: Gana ta ɗaure farashi sama da ƙasa ba tare da ta biya komai ba, Meziko ta biya kuɗi ta toshe ƙasa ta bar sama a buɗe.

Wannan misali yana ci mini rai idan na tuna cewa Najeriya ta faɗa karayar tattalin arziki a 2016 da 2020, duk biyun bayan faɗuwar farashin mai. Hanyar da ƙasar ta zaɓa ita ce tara rarar kuɗin mai a asusun da aka buɗe a 2004, wanda ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2008 kafin a yashe shi. Tsarin Meziko ba kyauta ba ne, kuma yana buƙatar jami'ai masu amana da majalisar da za ta jure ganin an biya biliyan guda shekara bayan shekara ba a karɓi komai ba. Amma yana da wata fa'ida da asusun tari ba shi da ita: haƙƙin da aka saya ba a iya raba shi tsakanin gwamnatoci kafin ranar buƙata ta zo.

Yadda ake yanke kuɗin haƙƙin ya daɗe yana ba masana wuya. A 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar ofshin ta CBOE a Shikago, Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa wani tsarin lissafi, Robert Merton ya faɗaɗa shi. Gundarinsa mai sauƙin fahimta ne: haƙƙi yana ƙara tsada idan wa'adinsa na da nisa, idan farashin da aka yanke ya fi wa mai haƙƙin kyau a kan na kasuwa, kuma musamman idan abin da ake magana a kai mai yawan hawa da sauka ne. Scholes da Merton sun samu kyautar Nobel a 1997, bayan rasuwar Black. Amma lissafi irin wannan yana ɗauka cewa farashi takawa yake yi sannu-sannu, alhali ranar tashin hankali tsalle yake yi. Kamfanin zuba jari na LTCM, wanda su biyun ke cikin masu shi, ya durƙushe a 1998 bayan Rasha ta kasa biyan bashinta, sai da cibiyoyin kuɗi 14 suka haɗa dala biliyan 3.6 suka tare ɓarnar.

Sai musaya, wadda ake kira suwaf: ɓangare biyu su yi musayar biyan kuɗi na tsawon shekaru. Kamfanin da bashinsa ke da kuɗin ruwa mai hawa da sauka zai iya musanya shi da tsayayye. Wanda ke samun kuɗin shiga da wani kuɗi amma bashinsa da wani kuɗin ne zai iya daidaita su. Wadda ta buɗe ƙofar ita ce ta 1981 tsakanin Bankin Duniya da kamfanin IBM, inda suka yi musayar biyan bashin dala da na kuɗin Jamus da Suwizalan. Yarjejeniyar yuwan biliyan 15 da Babban Bankin Najeriya ya ƙulla da na Sin a 2018 daga wannan dangi take.

Yawancin musaya da fowad ba a dandalin kasuwa ake ƙulla su ba, tsakanin banki da banki ne ko banki da kamfani. Wannan ɓangare shi ya fi girma nesa ba kusa ba. Bankin BIS da ke Basel, mai tattara alƙaluman, ya nuna cewa adadin da aka rubuta a irin waɗannan yarjejeniyoyi ya haura dala tiriliyan 600, wato ya ninka abin da duniya ke samarwa a shekara sau da yawa. Kada adadin ya firgita mai karatu fiye da kima: ma'aunin lissafi ne kawai, kuɗin da ke sauya hannu ɗan bambancin da ke tsakani ne, kuma haƙiƙanin darajar yarjejeniyoyin a kasuwa a ƙarshen 2023 ba ta kai tiriliyan 20 ba. Haɗarin yana cikin duhun da ke wurin. Kafin 2008 babu mai iya faɗin wa ke bin wa nawa. Kamfanin inshora na AIG ya yi ta sayar da lamunin cewa zai biya idan takardun bashin gidaje na Amurka suka lalace, yana karɓar ɗan kuɗi a kai a kai, ba tare da ya ware abin biya ba. Halin mai sayar da haƙƙi ke nan a ko'ina: ya karɓi kaɗan sau da yawa, ya biya mai yawa sau ɗaya. Da ranar ta zo a Satumban 2008, bayan rushewar bankin Lehman Brothers, gwamnatin Amurka ta tallafa masa da dala biliyan 85, daga baya tallafin ya kai kimanin biliyan 180, domin faɗuwarsa za ta ja bankunan da suka dogara da alkawarinsa. Shi ya sa shugabannin ƙasashen G20 suka amince a Pittsburgh a 2009 cewa daidaitattun yarjejeniyoyi su riƙa bi ta gidan lamuni, a kuma riƙa kai rahotonsu. Ko hakan bai kashe matsalar ba. Ranar 8 ga Maris 2022 farashin ƙarfen nikel a kasuwar ƙarafa ta Landan ya haura dala 100,000 kowane tan cikin sa'o'i, kasuwar ta soke cinikin safiyar na kimanin dala biliyan 12, tana cewa kiran cikon da zai biyo baya zai kayar da dillalai da dama a lokaci guda.

A Najeriya kasuwar jaririya ce. A watan Yunin 2016 Babban Banki da kasuwar FMDQ suka fara fiyucar canjin dala da ake biya da naira, a Afrilun 2022 kuma kasuwar hannayen jari ta NGX ta fara fiyuca a kan ma'aunanta guda biyu, da NG Clearing a matsayin gidan lamuni. Buƙatar a fili take. Tsakanin Yunin 2023 da Fabrairun 2024 dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,400 a kasuwar hukuma, kamfanin MTN Najeriya kaɗai ya rubuta asarar canji ta naira biliyan 740 a 2023. Amma abin da ya faru da cinikin gaba na dala ya nuna inda gizo ke saƙar. Masana'antu da 'yan kasuwa sun ba da nairarsu ta hannun bankuna a kan alkawarin za a ba su dala a rana kaza, ranar ta zo ta wuce, bashin da ake bin Babban Banki ya taru har kimanin dala biliyan 7. A 2024 gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya ce bincike ya gano kimanin biliyan 2.4 daga ciki ba su inganta ba, sauran kuma an biya. Wanda ya yi komai bisa ƙa'ida don ya kare kansa, ya jira watanni kayansa na tsaye a tashar ruwa, zai yi wuya a sake lallashinsa ya amince da takarda.

Hatsi kuwa, duk wanda ya san kasuwar Dawanau ta Kano ya san tazarar farashin kaka da na damina, tazarar da ke talauta manomin da ya sayar da wuri, ta kuma galabaitar da mai gidan kaji. Fiyuca za ta yi amfani a nan, amma ba a fara gini daga rufi. Shikago sai da ta daidaita aji da ma'auni da rumbu kafin ta daidaita takarda. Muddin nauyin buhu ya danganta da wanda ya cika shi, kuma takardar rumbu ba ta zama abin da banki da kotu za su karɓa ba tare da gardama ba, babu kwantiragin da zai tsaya. Aikin da kamfanoni irin AFEX ke yi na rumbuna da tantance inganci da ba da takardar ajiya bai da armashi a ido, amma shi ne tubalin.

Mai karatu Musulmi zai tambayi hukunci, kuma tambayar tana kan hanya. Shari'a ta san cinikin gaba: salam, inda mai saye ke biyan kuɗi duka tun farko, a kawo masa kaya daga baya, da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san wa'adi. Malikiyya sun yarda a jinkirta biyan har kwana uku. Bankunan Sudan sun daɗe suna ba manoma jari ta wannan hanya. Fiyucar zamani ta saɓa da salam domin kuɗi da kaya duk an jinkirta su, kuma galibi ba a nufin karɓar kayan. Saboda haka, da kuma garari da kamannin caca, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1992 cewa ofshin da mafi yawan fiyuca, yadda ake yin su a kasuwannin duniya, ba su halatta ba. Wasu sun kwatanta ofshin da kafin alƙalami, wanda Hambaliyya suka halatta Malikiyya suka hana, sai dai kafin alƙalami ɓangare ne na kuɗin kaya, kuɗin ofshin kuwa na haƙƙin ne tsurarsa. Akwai saɓani: majalisar Shari'a ta hukumar kasuwar jari ta Maleshiya ta amince da fiyucar manja tun 1997, a 2010 kuma aka fitar da yarjejeniyar Tahawwut don bankunan Musulunci su kare kansu daga motsin canji ta hanyar alkawari da murabaha. Abin lura shi ne ko masu sassautawa saboda mai buƙatar kariya suka sassauta, mutumin da ke da kaya ko bashi na gaske.

Wannan ya kawo mu ga wanda ya fi damuna. Yau matashi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai buɗe manhaja a wayarsa ya shiga fiyucar kirifto, irin wadda ba ta da wa'adi, wadda dandalin BitMEX ya ƙirƙiro a 2016, ko ya shiga cinikin canjin kuɗi da ake kira foreks. Za a ba shi ninki 50 ko 100. A ninki 100, motsin kashi 1 cikin 100 ya isa ya share jinginarsa, kuma Bitcoin kan yi irin wannan motsi cikin sa'a guda. Ba shi da masara a gona, ba shi da bashin dala, babu kasadar da yake saukewa. Ta wani yake ɗauka, yana kuma biyan kamasho a kowace shiga da fita. Waɗanda ke ɗaya gefen sau da yawa kamfanoni ne masu kwamfutocin da ke ciniki cikin ƙiftawar ido, a wasu dandalin foreks ma kamfanin da ya buɗe masa asusun ne ke cin abin da ya rasa. Masu sayar da sigina a Telegram hoton ranar riba suke nunawa, shi kuwa yana yi wa rogo kallon kitse.

Alƙaluman da hukumomi suka tattara ba su bar wurin musu ba. A 2018 hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai, ESMA, ta gano cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Ta taƙaita ninki zuwa 30 a manyan kuɗaɗe, 2 kacal a kirifto. A Indiya, inda aka fi ko'ina yawan cinikin ofshin, hukumar kula da kasuwar jarin ƙasar, SEBI, ta bayyana a 2024 cewa kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu ciniki sun yi asara a cikin shekara uku, daga nan ta ɗaga mafi ƙarancin girman kwantiragi don rage shigar masu ƙaramin ƙarfi. Najeriya ta samu sabuwar dokar zuba jari a Maris 2025, wadda ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin hukumar kula da kasuwar jarin ƙasar, SEC. Turai ta wajabta wa kowane dandali ya rubuta a jikin tallarsa kashi nawa na abokan cinikinsa ne ke asara. Ya kamata SEC ta ɗora wannan sharaɗi a kan duk dandalin da ke neman kuɗin 'yan ƙasa, ta sa iyaka ga ninki, kuma gargaɗin ya fito da harshen da aka yi tallar da shi, har da Hausa.